Jamhuriyar Dominikan: ƙasar da shinkafa da wake suka zama tuta

Jama'a masu karatu, musamman ƴan kasuwa da iyayenmu mata masu wuni bakin kaya, yau za mu ƙetara teku mu leƙa madafar wata ƙasa da ba kasafai ake jin sunanta a nan ba, wato Jamhuriyar Dominikan. Tana cikin tekun Karibiyan, gabas da Kuba, a kan tsibiri guda da ƙasar Hayiti. Babban birninta Santo Domingo, harshenta Sifaniyanci, kuma ƙidayar 2022 ta nuna mutanenta sun kai miliyan 10 da dubu 700 da ɗoriya. Kada a haɗa ta da Dominika, wani ɗan ƙaramin tsibiri daban da ke can kudu maso gabas.

Dalilin da ya sa muka ɗauko wannan ƙasa shi ne, duk wadda ta ga abin da matan can ke ɗorawa bisa wuta za ta ce ai wannan kayan rumfata ne: shinkafa, wake, rogo, kabewa, albasa, tafarnuwa, tattasai, naman akuya. Da waɗannan kaya na talaka suka gina girkin da suke alfahari da shi, kuma sun sha nuna wa gwamnatocinsu cewa tukunyar rana ba abin wasa ba ce.

Abincin da ake kira tuta

Da ƙarfe 12 zuwa 1 na rana, a yawancin gidajen ƙasar abinci iri ɗaya ake saukewa. Sunansa la bandera, ma'anarsa tuta. Farar shinkafa ce, da miyar jan wake, da soyayyen nama cikin romo, yawanci kaza ko naman shanu, sai ɗan salati da yankan fiya, wadda muka fi sani da aboka. Mai kuɗi yana cin sa, lebura ma yana cin sa. Bambancin yana ga yawan naman.

Ga yadda uwargida ke haɗa shi. Tun dare za ta jiƙa wake. Da safe ta dafa shi har ya yi laushi. Sai ta ɗauko ɗan ƙaramin turmin icce da ba a rasa shi a kowace madafa, ta daka tafarnuwa da gishiri da wani busasshen ganye mai ƙamshi da suke kira oregano. Ta soya wannan da albasa da tattasai da tumatir, ta zuba waken da ruwansa, ta jefa yankan kabewa. Kabewar ce ke narkewa ta ba miyar kauri, kuma takan murje kaɗan daga cikin waken da bayan ludayi don ya ƙara haɗa jiki.

Kazar kuwa, bayan an wanke ta da lemun tsami an shafe ta da kayan dakan nan, akwai wata dabara da masu tuwo-tuwo za su so su ji. Idan mai ya yi zafi, sai a zuba cokali ɗaya na sukari a bari ya narke ya yi ja, kafin ya ƙone a zuba naman. Wannan ne ke ba kazar launin ja mai kyau ba tare da wani sinadari na kanti ba, kuma zaƙin ba ya fitowa. Daga nan ana ɗan yayyafa ruwa kaɗan-kaɗan har ta dahu.

Shinkafar ana dafa ta cikin tukunyar dalma mai kauri, irin wadda maƙeranmu ke zubawa, su suna ce mata caldero. Mai da gishiri ake fara sawa, sai ruwa, sai shinkafa, a motsa har ruwan ya tsotse, a rufe a rage wuta kamar minti 15. Abin da zai ba ku mamaki shi ne, da gangan ake barin gindin tukunyar ya kama. Ƙanzon nan da wasunmu ke jiƙawa su ba kaji, a can sunansa concón, kuma shi ne abin rububi. Ana kankare shi da zafinsa, ya fito ja yana ƙaras-ƙaras, a sa shi a faranti daban, a zuba masa miyar wake. Mai girkin da ƙanzonta ya ƙone ya yi baƙi, ko ya fito da danshi, ba a cewa ta iya dafa shinkafa.

Ranar da ba a son ɗora tukunya biyu, sai a haɗa shinkafa da wake wuri guda, a kira shi moro, ɗan'uwan shinkafa da waken da ake sayarwa a bakin tashoshinmu. Idan kuma nama ko kifi aka dafa tare da shinkafar, sunansa locrio, wato dafa-duka ke nan.

Hannu uku cikin tukunya ɗaya

Wannan kamanni da girkinmu yana da tarihi. Kafin zuwan Kolombos a 1492, mutanen da ke zaune a tsibirin su ne Taino, kuma rogo ne abincinsu. Turawan Sifen sun zo da shinkafa da shanu da awaki da rake. Don aikin raken ne aka riƙa kwaso bayi daga Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, har ma a watan Disamba na 1521 bayi ƴan ƙabilar Wolof suka yi bore a gonar raken Diego, ɗan Kolombos, kusa da Santo Domingo. Matan da aka kai can da ƙarfi sun tafi da hannun girkinsu: dafa saiwa a tuƙa ko a kirɓa, da haɗa hatsi da wake.

Ana ganin wannan hannu a abincin karin kumallo, mangú. Ɗanyar agade ce, babbar ayabar nan da ake soyawa a yi aloko, amma tun tana kore shar. A ɓare ta, a dafa da gishiri, a murje ta da zafi tare da man shanu ko man girki, ana zuba ruwan sanyi kaɗan-kaɗan don kada ta yi tauri idan ta huce. A sama sai a zuba jar albasa da aka jiƙa cikin binegar aka ɗan soya. Wanda ya san sakwara ko futu na mutanen gaɓar teku zai gane dangantakar. Ana cin mangú da abubuwa uku soyayyu: ƙwai, da wani farin cuku mai kama da wagashi wanda ba ya narkewa a mai, da sosison da suke kira salami. Sai dai mu ja hankali, salamin can yawanci da naman alade a ciki, haka ma wasu girke-girkensu da dama, domin akasarin mutanen ƙasar Kirista ne. Musulmar da ke son gwadawa ƙwai da albasa sun wadatar.

A kudu maso yamma, wajen San Juan, akwai chenchén, ɓarzajjiyar masara da ake dafawa kamar tsaki a ci da naman akuya. A arewa maso yamma kuwa, wajen Montecristi inda ƙasa ke da fari da ƙayoyi, naman akuyarsu ya yi suna saboda awakin na kiwo cikin oregano na daji. A Samaná da ke bakin teku, ruwan kwakwa ake sawa a kifi da shinkafa. Larabawan Lubnan da Siriya da suka sauka ƙasar tun ƙarshen ƙarni na 19 su ma sun bar nasu, wato kipe, dunƙulen ɓarzajjiyar alkama da niƙaƙƙen nama da ake soyawa ana sayarwa a bakin titi.

Daga Taino aka gaji casabe, gurasar rogo. Ana gurza rogo mai ɗaci, a matse ruwan dafin, a tankaɗe, a baza garin bisa faffaɗan kasko ya gasu ya zama fai-fai. Yana yin watanni bai lalace ba. Garin Monción ya shahara da wannan sana'a. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa casabe cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana, bisa buƙatar Dominikan da Kuba da Hayiti da Honduras da Benezuwela. A wannan zama ɗaya ne aka sa aceke na Kodebuwa, wanda shi ma ɗan rogo ne.

Tukunyar taro

Idan an yi haihuwa, ko ɗa ya dawo daga Amurka, ko daren sabuwar shekara, sancocho ake ɗorawa. Babbar tukunya ce ta romo mai kauri, da rogo da doya da gwaza da agade da kabewa da yankan ɗanyar masara. Talaka yakan yi da kaza kawai, mai hali kuma ya yi na nama iri 7. Sau da yawa a tsakar gida ake dafa shi, bisa duwatsu uku da icce, maƙwabta na kawo gudummawa.

Akwai kuma wanda zai fi ba ku mamaki, wake da sukari. A lokacin azumin Kirista, musamman makon Ista, kowane gida na dafa habichuelas con dulce. Jan wake ake dafawa a niƙa a tace, a haɗa da ruwan kwakwa da madara da sukari da kirfa da kanumfari da yankan dankali da zabibi, ya fito kamar kunu. Ana yin sa da yawa a rarraba wa maƙwabta cikin kwanoni, kamar yadda muke kai abincin salla gida-gida.

Mai kanti da littafin bashi

Duk wannan girki yana tsaye ne bisa ƙaramin ɗan kasuwa. A kowace unguwa akwai kantin da ake kira colmado. Matar da ba ta da halin sayen buhu takan aiki yaro ya sayo awon shinkafa na yini, da man girki na ƴan kuɗi kaɗan, da ɗan tumatirin gwangwani da aka ɗiba da cokali, da tafarnuwa ƙwaya biyu. Idan babu kuɗi a rubuta a littafi, abin da suke kira fiao, a biya ranar albashi. A birnin Santiago an daɗe da sanin marchantas, mata masu tallan kayan miya da suka yi suna da yawo bisa jakuna, suna kiran kaya ƙofa-ƙofa. A Dajabón, bakin iyaka da Hayiti, ranakun Litinin da Juma'a aka san kasuwa na ci, inda ƴan Hayiti ke tsallakowa sayen shinkafa da ƙwai da kaji da taliya. Ƴan kasuwar Ɗan Isa da Ƙonni sun san irin wannan ciniki, sun kuma san abin da rufe iyaka ke jawowa, kamar yadda ya faru a Dajabón a watan Satumba na 2023, lokacin rikicin ruwan kogi tsakanin ƙasashen biyu.

Ranar da tukunya ta tayar da gari

Da ruwan ciki ake jan na rijiya. A watan Afrilu na 1984, bayan gwamnatin shugaba Salvador Jorge Blanco ta bi sharuɗɗan Asusun Lamuni na Duniya, farashin kayan abinci da magani ya yi tashin gwauron zabi. Ranar 23 ga wata unguwannin talakawa na Santo Domingo suka ɓalle, tarzoma ta bazu cikin ƙasa kwana 3, sojoji suka buɗe wuta, mutum sama da 50 suka rasa rayukansu. Mu da muka ga yadda aka rufe kasuwanni a nan a 2005 saboda harajin kashi 19 cikin 100 da aka ɗora wa madara da fulawa da sukari, mun san inda irin wannan fushi ke fitowa.

Tun daga nan shugabannin ƙasar ke taka-tsantsan da maganar shinkafa. Dominikan na noma mafi yawan shinkafar da take ci, a kwarin Cibao da fadamun kogin Yuna. Wake na fitowa daga kwarin San Juan, tafarnuwa da kayan lambu daga Constanza mai sanyi a kan duwatsu. Amma a 2004 ƙasar ta sa hannu a yarjejeniyar ciniki da Amurka da ƙasashen Amurka ta Tsakiya, wadda ta fara aiki gare ta a 2007, kuma cikinta an tsara cewa daga Janairun 2025 shinkafar Amurka za ta shigo ba kuɗin duwan. Manoma suka yi ta kuka cewa ba za su iya gogayya da shinkafar da gwamnatin Amurka ke tallafa wa masu nomanta ba. A watan Disamba na 2024 shugaba Luis Abinader ya fitar da doka: tan 23,300 ne kawai za su shigo kyauta, abin da ya haura haka kuma ya biya kashi 99 cikin 100. Masu shigo da kaya na da tasu hujja, cewa shinkafar waje za ta iya sauƙaƙa wa mai saye. Gwamnati ta zaɓi ta kare manomin gida.

Ko wutar da ke ƙarƙashin tukunyar sai da hukuma ta sa baki. A 1967 shugaba Joaquín Balaguer ya hana saran dazuzzuka don kasuwanci, daga baya kuma aka sauƙaƙa kuɗin gaz aka raba murhunansa, har yawancin gidaje suka bar gawayi. Wannan na cikin dalilan da suka sa ɓangarensu na tsibirin ya fi na Hayiti itatuwa.

A nan gida, yawancin shinkafar da ke rumfunanmu daga Asiya take zuwa, kuma mun ga yadda buhu ya tashi a 2023 da aka rufe iyakoki. Zanen aro ba ya rufe katara. Muna da wake wanda har maƙwabta ke zuwa saye, muna da albasar Galmi, da tattasan Difa, da jar akuyar Maraɗi, da shinkafar bakin kogin Kwara. Iyayenmu mata masu sayar da abinci, ga abin gwadawa da ba ya buƙatar jari: kabewa cikin miyar wake, cokalin sukari a mai kafin a sa kaza, da ƙanzo mai kyau a faranti daban da kuɗinsa. Wadda ta gwada ta aiko mana da labarin yadda masu saye suka karɓe shi. Allah ya ba da kasuwa mai albarka.