Zangon Agege: Darajar Fili Na Neman Rinjayar Darajar Masauki

LEGAS — Baƙon da ya sauka a tashar jirgin ƙasa ta Agege ya kutsa cikin Zango ba zai yi saurin gane cewa unguwar masu hali ya shigo ba. Lunguna ne matsattsu, da tsofaffin gidaje masu ɗakuna a jere, da masallatai kusa da juna. Dukiyar wurin tana cikin gidajen ne, da kuma amanar da ake ƙullawa a ƙofarsu.

Goro ne ya kafa unguwar. A ƙarni na 19 fataken Hausawa kan yi tafiyar watanni zuwa Gwanja, a ƙasar Gana ta yanzu, domin sayo shi. Da layin dogo ya haɗa Legas da Ibadan a 1901, ya kuma fara aiki har Kano a 1912, sai hanyar ciniki ta karkata. Manoman Agege, waɗanda suka yi suna da koko tun zamanin J.K. Coker, suka dasa goro a gonakinsu, fatake kuwa suka yada zango kusa da tasha. Huhunan goro suna tafiya Arewa, shanu suna gangarowa Kurmi. Har yau babbar mayankar Legas tana Oko-Oba, a yankin Agege.

Wannan ciniki bai taɓa yiwuwa ba sai da maigida. Shi ke saukar da falke, ya ciyar da shi, ya adana kayansa, ya haɗa shi da dillali, ya kuma tsaya masa idan an ɗauki kaya bashi. Mahauci na iya karɓar shanu yau ya biya bayan makonni ba tare da takarda ba, domin maigida ya san shi, kuma sunan maigidan ne a kan bashin. Ladansa la'ada ce, amma jarinsa na gaskiya gidan ne: yawan ɗakunansa shi ne yawan baƙin da zai iya riƙewa. Masani Abner Cohen ya bayyana irin wannan tsari a Sabon Ibadan cikin littafinsa na 1969, kuma a kansa Zangon Agege ya ginu. Idan rigima ta taso, akan kai ta gaban Sarkin Hausawa kafin a yi zancen kotu. A ma'aunin tattalin arziki, gida ɗaya yana yin aikin otal da sito da banki.

Saboda haka ne attajirin Zango kan ƙi ƙaura zuwa Ikeja ko Ikoyi ko da yana da halin yi. Wanda ya bar unguwa ya bar ƙofar da baƙi suka sani, ya bar sahun masallacin da ake ganinsa kullum. Zaman yana da tsadarsa. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Agege mutum kusan 460,000 a fili ƙanƙane, kuma mai kuɗi da ɗan ci-rani kwata ɗaya suke tsallakawa. Ga ciyar da baƙi da taimakon dangi daga Arewa, abin da ba ya shiga littafin lissafi amma yana fita daga aljihu.

Lissafin ya fara sauyawa. Manyan motoci sun daɗe da karɓe dakon goro da shanu daga hannun jirgi, wayar salula da aika kuɗi ta banki kuma sun rage buƙatar falke ya kwana mako biyu a gidan wani. A daidai lokacin ne fili ke ƙara daraja. A 2021 aka buɗe gadar sama ta Pen Cinema da sabon layin dogo na Legas zuwa Ibadan, mai tasha a Agege. A 2024 jirgin cikin gari na Red Line, daga Agbado zuwa Oyingbo, ya fara ɗaukar fasinja. Ma'aikacin da ke neman ɗaki kusa da tasha yana biyan haya a hannu, baƙon maigida kuwa ba ya biya.

Inda abin ya fi tsanani shi ne rabon gado. Gida mai ɗakuna da yawa da mutum ɗaya ya riƙe a matsayin masauki yakan faɗa hannun magada masu yawa, wasunsu a Kano ko Abuja, ba su da sha'awar goro. Hanya mafi sauƙi ta raba shi ita ce sayarwa, mai saye kuma rushewa zai yi ya ɗora bene na haya ko shaguna. Magada suna samun kuɗi, amma ciniki ya rasa wanda zai tsaya wa baƙo. Gyaran tsohon gini ma ya yi wuya tun da aka janye tallafin man fetur aka kuma saki darajar Naira a 2023, farashin siminti ya tashi.

'Yan haya su ne a ƙasan nauyin. Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ta hana karɓar kuɗin fiye da shekara guda daga sabon ɗan haya. Ta keɓe Apapa da Ikoyi da Victoria Island da Ikeja GRA, amma ta shafi Agege. Sai dai dokar ba ta ƙayyade farashi ba, kuma ɗan ci-ranin da a da yake kwana a zauren maigida kyauta ba shi da yarjejeniyar haya da zai nuna wa alƙali ranar da aka sayar da gidan.