Shin Ko Kun San? Hanya Mai Lamba 66, Wadda Aka Soke Ta Ƙi Mutuwa

Shin ko kun san cewa hanyar motar da ta fi kowace suna a Amurka, a hukumance babu ita? Ranar 27 ga Yuni, 1985 aka cire ta daga jerin manyan hanyoyin ƙasar, aka tuge allunanta. Duk da haka har gobe mutane na tasowa daga Jamus da Japan da Ostireliya, su yi hayar mota ko babur, su kwashe mako biyu suna bin ta. Ita ce Route 66, hanya mai lamba 66.

An haife ta ranar 11 ga Nuwamba, 1926. Ta taso daga Shikago, ta ratsa jihohi takwas, Ilinoi, Mizuri, Kansas, Oklahoma, Teksas, Niyu Meziko, Arizona da Kalifoniya, ta dire a Los Anjalis, daga baya aka ja ta zuwa Santa Monika. Tsawonta kilomita 3,940 ne, kusan a ce mutum ya tashi daga Kano zuwa Legas ya dawo, ya sake komawa ya sake dawowa. Sau biyu matafiyi ke gyara agogonsa kafin ya kai. Jihar Kansas kuwa ɗanɗano kawai ta samu, kilomita 21.

Shin ko kun san raƙuma sun riga motoci bin wani sashe nata? A 1857 gwamnati ta tura wani hafsa, Edward Beale, ya tsaga hanyar keken doki ta hamadar Arizona, kuma da raƙuman da sojan Amurka ya sayo daga Tunisiya da Masar da Turkiyya ya yi aikin. Cikin masu jan raƙuman akwai wani Hadji Ali, wanda bakin Amurkawa ya kasa sunansa suka mai da shi Hi Jolly. Kabarinsa na garin Quartzsite a Arizona, an gina masa ɗan dala da siffar raƙumi a bisa. Sawun da suka bari shi jirgin ƙasa ya bi, shi kuma hanyar 66 ta biyo.

Lambar kanta da rigima aka same ta. Manyan hanyoyin da suka taso daga gabas zuwa yamma da sifili lambarsu ke ƙarewa, don haka Cyrus Avery, ɗan kasuwar garin Tulsa da ake kira uban hanyar, 60 ya so. Gwamnan Kentaki ya ce sam, 60 tasu ce. Aka yi ta ja-in-ja, aka yi wa su Avery tayin 62 ba su so ba, sai suka lura 66 ba ta da mai ita, ga ta da daɗin faɗi. Avery ɗin yana cikin kwamitin da ya zana hanyoyin ƙasa, kuma ba abin mamaki ba ne da hanyar ta lanƙwaso ta biyo ta garinsu. Kowa ya samu rana, sai ya yi shanya.

Sa'ad da aka buɗe ta, kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai ke da kwalta ko siminti. Saura ƙasa ce da tsakuwa, da damina taɓo, da rani ƙura. Sai 1938 aka gama shimfiɗe ta kaf. Tsakanin garuruwan Miami da Afton a Oklahoma har yanzu akwai wani tsohon yanki mai faɗin ƙafa 9 kacal, mota biyu ba sa giftawa sai kowace ta sauke taya biyu a ƙasa. An ce kuɗin ne bai isa ba, aka zaɓi a tsuke faɗin da a rage tsawon. A hawan dutsen La Bajada kusa da Santa Fe kuwa, masu tsohuwar Ford da baya da baya suke hawa, domin motar ba ta da famfon mai, gangarowa yake yi daga tanki, idan hanci ya ɗaga sama sai injin ya mutu.

Shin ko kun san da ƙafa aka fara yi mata talla? A 1928 aka shirya tseren gudu daga Los Anjalis zuwa Niyu Yok, kuma ta kan 66 aka bi har Shikago. Mutum 199 suka tashi, 55 suka kai, bayan kwana 84. Wanda ya ci wani saurayi ne ɗan ƙabilar Cherokee daga Oklahoma, Andy Payne. Ya karɓi dala 25,000, ya je ya biya bashin da ake bin gonar mahaifinsa.

Ba a daɗe ba hanyar ta ga wata irin tafiya. Cikin shekarun 1930 fari ya afka wa Oklahoma da Teksas da Kansas. An riga an nome ciyawar da ke riƙe ƙasa, iska ta zo ta kwashe gonaki ta mai da su guguwar ƙura mai rufe rana da tsakar rana. Bankuna suka ƙwace filaye. Mutum fiye da 200,000 suka ɗaure katifu a kan motoci suka nufi Kalifoniya neman ƙwadago a gonakin lemo da auduga. Ba a yi musu maraba ba. A 1936 shugaban 'yan sandan Los Anjalis ya tura jami'ansa har iyakar jiha su riƙa mai da duk wanda ba shi da kuɗi a aljihu. Labarin waɗannan mutane John Steinbeck ya rubuta a littafinsa The Grapes of Wrath na 1939, kuma daga nan hanyar ta samo laƙabin da ya bi ta har yau, Uwar Hanya.

Yanzu ga inda labarin ya fi daɗi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu Amurkawa suka samu kuɗi da motoci da hutu, hanya ta cika. Ita kuma 66 ba ta kewaye gari, ta tsakiyar kasuwarsa take bi. Mai gidan mai, mai masauki, mai abinci, makanike da mai faci, kowa abu ɗaya yake nema: direba ya taka burki a ƙofarsa, kada ya wuce zuwa ta maƙwabci. Duk abubuwan ban mamakin da ake zuwa ɗauka hoto yau, asalinsu tarkon burki ne.

Dubi kogon Meramec a Mizuri. Mai shi, Lester Dill, ya riƙa bin manoma yana yi musu fentin rumbuna kyauta, da sharaɗin ya rubuta sunan kogonsa da manyan baƙaƙe a jiki. Kana cikin kogon kana kallo, yaransa na waje suna ɗaura wa motarka kwalin talla, ka tafi kana yi masa shela ba ko kwabo. Ya kuma yaɗa cewa ɗan fashin nan Jesse James ya taɓa ɓuya a ciki. Masana tarihi ba su gamsu ba, masu sayen tikiti kuwa ba su damu ba.

A Holbrook ta Arizona da San Bernardino ta Kalifoniya akwai masaukai da aka gina ɗakunansu da siminti cikin siffar tantin Indiyawan Amurka, mai tsini a sama. Bakwai aka gina a faɗin ƙasar, uku suka rage, biyu a kan wannan hanya. A Wilmington ta Ilinoi wani ƙaton mutum-mutumi mai tsawon kusan ƙafa 30 ke tsaye da hular ɗan sama jannati, rungume da roka. A da tallan gidan abinci yake yi.

Shin ko kun san akwai inda za ka ci nama kyauta idan cikinka ya isa? Gidan abincin Big Texan da aka buɗe a Amarillo ta Teksas a 1960 yana gasa tsokar sa mai nauyin kilo biyu, a haɗa da dankali da burodi da ganye da jatan lande. Ka cinye cikin awa ɗaya, a kan dandamali, jama'a na kallo, ka tashi ba ka biya ba. Ka kasa, ka biya. A 2015 wata siririyar mata, Molly Schuyler, ta cinye uku a jere cikin minti 20.

Ba duka ne don kuɗi ba. A Catoosa ta Oklahoma akwai wani shuɗin kifin teku na siminti mai tsawon ƙafa 80, kwance a bakin tafki da baki buɗe. Wani tsohon ma'aikacin gidan namun daji, Hugh Davis, ya gina shi a farkon shekarun 1970 ya ba matarsa Zelta kyauta don tuna ranar aurensu. Maza masu ganin turmin atamfa ya isa, sai ku sake lissafi.

Kamfanin mai na Phillips 66 ma daga wannan hanya ya samo lambarsa. Labarin da kamfanin ke bayarwa shi ne, a 1927 ana gwajin sabon fetur a kan hanyar, mota ta kai gudun mil 66 a awa. A San Bernardino kuma 'yan'uwa biyu suka buɗe gidan abincin McDonald's na farko a 1940.

Amma shin ko kun san wannan daɗin ba na kowa ba ne? Waƙar da ta fi tallata hanyar, wadda Bobby Troup ya tsara, Nat King Cole ne ya fara rera ta a 1946, kuma shi baƙar fata ne. Yawancin masaukan da ke kan hanyar da yake wa waƙa ba za su ba shi ɗaki ba. Garuruwa da dama na da ƙa'idar cewa kada rana ta faɗi baƙar fata yana cikinsu. Iyalai kan yi guzurin abinci da galan na fetur da bargo, don ba su da tabbacin inda za a sayar musu. Wani ma'aikacin gidan waya a Niyu Yok, Victor Hugo Green, ya fara buga ɗan littafi a 1936, Green Book, mai jera wuraren da baƙaƙen fata za su ci, su sha mai, su kwana lafiya, aka ci gaba da buga shi har tsakiyar shekarun 1960. Gidan man iyalan Threatt a Luther ta Oklahoma, na baƙar fata ne, yana cikin 'yan wuraren da suke tsayawa hankali kwance, kuma ginin yana nan. Masu begen zamanin da, sau da yawa wannan shafin suke tsallakewa.

Cikar hanyar ce ta kashe ta. Ta yi ƙunci, ga kwana-kwana, haɗari ya yi yawa har wasu sassan aka riƙa kiransu 66 mai jini. Shugaba Eisenhower ya san wahalar hanya: a 1919 yana matashin hafsa ya bi ayarin motocin soja da suka kwana 62 kafin su ratsa ƙasar, daga baya ya ga tagwayen hanyoyin Jamus lokacin yaƙi. A 1956 ya sa hannu a dokar gina manyan tagwayen hanyoyi marasa tsayawa. Biyar daga cikinsu suka raba gadon 66. Garin Williams na Arizona shi ne na ƙarshe da aka kewaye, a watan Oktoba 1984.

Gari idan aka kewaye shi, a yini ɗaya yake yin tsit. Glenrio, a kan iyakar Teksas da Niyu Meziko, ya zama kufai. Garin ma abin dariya ne tun yana raye: gidajen mai duk suna ɓangaren Teksas don harajin fetur ya fi sauƙi, mashaya kuma suna ɓangaren Niyu Meziko don an haramta sayar da giya a ƙaramar hukumar da ke tsallake. Amboy da ke hamadar Kalifoniya kuwa, garin sukutum aka sa a kasuwa, wani mai gidajen gasa kaji, Albert Okura, ya saye shi a 2005 kan dala 425,000.

Shin ko kun san mai aski ne ya tashe ta? An kewaye garin Seligman na Arizona a watan Satumba 1978, dubban motocin da ke wucewa kullum suka ɗauke kamar an rufe famfo. Angel Delgadillo, mai askin garin, ya kwashe shekaru yana kallon shaguna na rufewa. A Fabrairun 1987 ya tara 'yan kasuwar yankin suka kafa ƙungiya, suka matsa wa gwamnatin jiha har ta ayyana tsohuwar hanyar a matsayin ta tarihi a shekarar. Sauran jihohin suka kwaikwaya. Shagon askinsa ya koma wurin ziyara, motocin 'yan yawon buɗe ido na tsayawa a ƙofa, kuma masu fim ɗin yara na Cars, wanda ya fito a 2006, sun zauna da shi sun ji labarin kafin su tsara nasu garin da aka manta.

A Oatman, tsohon garin haƙar zinariya a duwatsun Arizona, jakuna ne ke da titi. Jikokin jakunan da mahaƙa suka saki ne da aiki ya ƙare. Suna saukowa da safe, su tare motoci, su cusa kai ta taga, shaguna kuma na sayar da curin ciyawa a ba su.

A yamma da Amarillo, motocin Cadillac goma ne aka binne da hanci a ƙasa, gindi a sama, cikin gona. Wasu matasa masu zane da ake kira Ant Farm suka yi aikin a 1974 da kuɗin wani attajiri, Stanley Marsh. Ba mai hana ka fesa musu fenti, kowa da gwangwaninsa yake zuwa, har fentin ya yi kauri ya sauya wa motocin siffa. A 1997 aka tone su aka matsar da su gaba, don gari ya taso ya cim musu.

Garin Adrian na Teksas ya kafa allo cewa shi ne tsakiya daidai, mil 1,139 ta kowane ɓangare. A Albakarki, hanyar 66 ta gicciye kanta a mahaɗa ɗaya, saboda a 1937 an miƙar da ita aka daina zagayawa ta Santa Fe, tsohon layi da sabo suka haɗu.

Allon da ke kan gadar shaƙatawa ta bakin tekun Santa Monika, wanda kowa ke tsayawa ya ɗauki hoton gama tafiya, a 2009 aka kafa shi, shekara 24 bayan soke hanyar. Hanyar 66 ba ta taɓa kaiwa bakin ruwa ba. Ta ƙare ne a mahaɗar titunan Lincoln da Olympic, 'yan layuka kafin teku, wurin fitilar ba da hannu.