Na'ibin likita malami ne, amma wa ya koya masa koyarwa?

A asibitocin koyarwa na Sudan, ba babban likita ne ke kwana da ɗalibai a ɗakin majinyata ba. Na'ibi ne, wato likitan da ke neman ƙwarewa ƙarƙashin Majalisar Ƙwarewar Likitoci ta Sudan. Shi ke kama hannun ɗalibi ko ɗan imtiyaz ya nuna masa yadda ake laluben saifa, da yadda ake neman jijiya a hannun yaron da gudawa ta tsotse.

A nan Gadarif nauyin ya ƙaru tun ɓarkewar yaƙi ranar 15 ga Afrilun 2023. An ayyana kwalara a jihar a Satumba, Wad Madani ta faɗi a Disamba, jama'a suka kwararo mana. Ga kala'azar kuma, wadda dama ba ta taɓa barinmu ba.

Ni malamin makaranta ne. Kafin a ba ni aji sai da na koyi tsara darasi, malamaina suka zauna a bayan aji suna duba ni. Likita kuwa galibi akan ɗauka tunda ya sani, ai zai iya koyarwa. Ina! Mun sha ganin gwanin lissafi da yara ba sa gane komai a hannunsa. Na'ibin da ya kwana bai runtsa ba, in bai da wata dabara, ko dai ya faɗi amsa ya wuce, ko ya kunyata ɗalibi gaban majinyaci.

Dabarar kuwa akwai ta, ba ta cin lokaci. A 1992 wasu likitocin Amurka, Neher da abokan aikinsa, suka wallafa hanyar da ake kira malamin minti ɗaya. A ce an kawo yaro daga ƙauye, zazzaɓi ya haura mako biyu, ciki ya kumbura. Na'ibi ya tambayi ɗalibi: "Me kake gani ke damunsa?" Sannan: "Me ya sa ka ce haka?" Daga nan ya ba shi ƙa'ida ɗaya tak: a yankinmu, doguwar zazzaɓi da kumburin saifa, in ba maleriya ba ce, a gwada kala'azar. Ya yaba abin da ya yi daidai, ya gyara kuskuren a gefe, nesa da kunnen uwar yaron.

Jami'ar Gadarif tana da tsangayar likitanci, tana da ta tarbiyya. A ganina, bitar kwana biyu ga kowane sabon rukunin na'ibai, sannan babban likita ya riƙa tsayawa sau ɗaya a wata yana sauraron yadda suke koyarwa a bakin gado, bai fi ƙarfinsu ba ko a wannan hali.