Murɗa ƙashin baya na maganin ciwon ɓarin kai?



Wanda ya san ciwon ɓarin kai ya san ba ciwon kai ba ne na yau da gobe. Gefe guda na kai ke sarawa, zuciya na tashi, haske da ƙara su zama azaba, mutum ya shige ɗaki mai duhu ya kwanta. Yakan ɗauki awa 4 zuwa 72 kafin ya saki, kuma mata sun ninka maza kusan sau uku wajen fama da shi. Mai irin wannan lalura ba a ganin laifinsa in ya bi duk inda aka ce akwai sauƙi.

Cikin wuraren da mutane ke zuwa a Amurka da Turai akwai masu gyaran ƙashin baya da hannu, sana'ar da ake kira kairofaraktik. Daniel David Palmer ne ya kafa ta a 1895 a garin Davenport na jihar Iowa, bisa ra'ayin cewa gocewar ƙasusuwan baya ce ke danne jijiyoyi ta jawo cututtuka. Za a kwantar da kai, a danna bayanka ko a murɗa wuyanka da sauri, ka ji ƙas. Ƙarar nan ba ƙashi ba ne ya koma mazauninsa. Kumfar iska ce a ruwan gaɓa, irin wadda ake ji in an lanƙwasa yatsu.

To, yana aiki? A Norway, Aleksander Chaibi da abokan aikinsa sun gwada a kan mutum 104, suka wallafa sakamakon a 2017. Wasu an yi musu gyaran na gaske, wasu an ɗan danna musu kafaɗa da ɗuwawu kawai ba tare da sun san na bogi ba ne, sauran suka ci gaba da shan magungunansu. Bayan wata uku kwanakin ciwo sun ragu a duka rukunonin. Waɗanda aka yi wa na bogi sun samu sauƙi kwatankwacin na waɗanda aka yi wa na gaske, har masu binciken suka ce mai yiwuwa sa rai da waraka ne ya yi aikin.

Sauƙin da majinyaci ya ji ba ƙarya ba ne, kuma ba na raina shi. Abin da ke damuna shi ne wuya. Murɗa shi da ƙarfi na iya tsaga jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa, abin da kan kai ga shanyewar ɓarin jiki. Ba kasafai yake faruwa ba, amma a 2014 ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta ce lallai a sanar da majinyaci wannan haɗarin kafin a taɓa wuyansa.

Akwai magungunan da aka tabbatar da amfaninsu: sumatriptan idan ciwon ya taso, propranolol ko amitriptyline don rage yawan zuwansa, duka da umarnin likita. Idan kuwa bayan an murɗa maka wuya ka ji jiri, harshe ya yi nauyi, ko gani ya rabu biyu, a garzaya da kai asibiti a take.