Dalilin da ya sa Splunk ke cewa bai ga modul ba, alhali an girka shi

Injiniya ya rubuta ɗan shiri da harshen Python, ya gwada shi a kwamfutarsa ya ga yana aiki lafiya lau. Da ya ɗora shi a kan Splunk sai shirin ya cije, ya fito da saƙon "No module named splunklib". Ya sake girka modul ɗin da pip, amma saƙon bai gushe ba.

Splunk manhaja ce da bankuna, kamfanonin sadarwa da hukumomi ke amfani da ita wajen tattara bayanan da na'urori ke rubutawa game da duk abin da ya gudana a cikinsu, domin gano kutse ko matsala. Kamfanin Cisco ya saye ta a 2024 kan kusan dala biliyan 28. Idan shirin da ke shigo da bayanai ya mutu, sau da yawa allo ba ya nuna komai. Bayanan ne kawai za su daina zuwa, gargaɗin da aka ɗora a kansu kuma ya yi tsit.

Tushen matsalar shi ne Splunk na zuwa da nasa Python, daban da wanda ke kan na'urar. Wanda ya girka modul da pip ya zuba kaya ne a wani ɗakin, Splunk kuwa yana nema a wani. Shi ya sa gwajin da ya fi amfani shi ne a gudanar da shirin da umarnin "splunk cmd python3", wanda ke kiran Python ɗin manhajar kanta. Idan kuskuren ya bayyana a nan, an kama bakin zaren. Cikakken saƙon kuma yakan kasance a fayil ɗin splunkd.log, ko a search.log idan umarnin bincike ne.

Wasu sukan cusa modul ɗin cikin foldar Python ta Splunk. Zai yi aiki yau, amma gyaran ganga-ganga ne, domin ranar da aka sabunta manhajar kayan na iya ɓacewa. Hanyar da ta fi ɗorewa ita ce a ajiye shi a cikin foldar manhajar da aka rubuta, bin ko lib, sannan a farkon shirin a ƙara wurin cikin sys.path. Shi kansa splunklib haka ake yi masa, tunda ba ya zuwa tare da Splunk.

Akwai kuma modul ɗin da bai ɓata ba, suna kawai ya sauya. An daina kula da Python 2 a ranar 1 ga Janairun 2020, kuma a Python 3 ConfigParser ya koma configparser, Queue ya koma queue, aka raba urllib2 zuwa urllib.request da urllib.error. Tsohon shirin da ba a taɓa ba zai yi ta kiran sunan da babu shi.

Irin su NumPy sun fi wuya, saboda suna ɗauke da sassan da aka haɗa don takamaiman tsarin kwamfuta da samfurin Python. Wanda aka kwafo daga Windows ba zai tashi a Linux ba. Don irin waɗannan Splunk ya fitar da ƙarin manhaja mai suna Python for Scientific Computing.

Inda ake da na'urori da yawa, shirin na iya gudana a kan waɗanda ke adana bayanan, ba a kan wadda aka gwada shi ba, don haka sai an tabbatar modul ɗin ya isa can ma.