Mai makarantar allo da lissafin rumbunsa

A garuruwan da ke kan titin Maraɗi zuwa Damagaram, daga Cadawa zuwa Agye har Gazawa, akwai wutar da ke riga ta kowane murhu tashi. Wutar kara ce a ƙofar gidan malam, tun kafin kiran assalatu. Yara sun kewaye ta, kowa da allonsa a kan cinya, ya karkata shi wajen haske, murya na hawa kan murya. Malam na kan buzunsa da carbi a hannu, ka ce hankalinsa ba ya wurin, sai yaro ya ja wasalin da ba a ja, ka ji an gyara masa daga can ba tare da an ɗaga kai ba. Haka abin yake a Tsibirin Gobir da ƙauyukan Gidan Rumji. Makaranta ce da ba gwamnati ta kafa ta ba, ba ta da takardar biyan kuɗi, kuma ba a korar yaro don ubansa ba shi da shi. Sadaka ke riƙe ta. Amma wanda ya zauna kusa ya san sadaka ba ta tafiyar da kanta. Akwai mutum ɗaya da ke kwana da lissafinta.

Kayan aikin duka daga ƙasar nan suke. Allo masassaƙi ne ke fitar da shi, an fi son na icen aduwa saboda ƙarfinsa, a kankare, a goge fuskarsa har ta yi santsi. Alƙalami daga tsinken gamba ko na kara ake feƙe shi, a tsaga bakinsa kaɗan don ya riƙe ruwa. Tawadar allo kuwa gawayi ne ko baƙin tukunya, a niƙa lukui, a haɗa da ƙaro da ruwa, a zuba a kurtu. Ƙaron nan shi ne sirrin. In ya yi kaɗan rubutu ya kakkaɓe tun kafin yaro ya haddace, in ya yi yawa allo ya ƙi wankuwa. Tabarmar zama daga kabar Gulbin Kaba mata ke saƙa ta, rumfa kuma zana ce da kara, sai an yi girbi ake samun abin sabunta ta.

Uba kan kawo yaro da safe, da sabon allo da ɗan goro, ya durƙusa ya ce, “Allah gafarta Malam, ga amana na kawo.” Daga nan aiki ya soma. Da baki ake farawa, Fatiha da ƙananan surori. Sai babbaƙu, yaro ya san kowane baƙi da sunansa na Hausa, su alu, ambaki, wau. Sai farfaru, a sa wa baƙaƙen wasali. In harshe ya faɗa, a shiga haɗa kalma. Kullum tsarin ɗaya ne: a wanke allo, a shanya, a rubuta, malam ya biya, yaro ya yi ta maimaitawa har ya kawo ba tuntuɓe, sa'an nan a ba shi izinin wankewa a yi masa ƙari. Rubutun irin na Magariba ne, ƙira'ar Warshu, kamar yadda aka gada a Afirka ta Yamma. Izu 60 ne a gaba, surori 114, kuma malam ɗaya ba ya iya biya wa yara da yawa shi kaɗai. Shi ya sa makarantar ke da matakai. Kotso na hannun titibiri, titibiri na hannun gardi, gardi na gaban alaramma. Babban almajiri yana koyarwa yana koyo, ba a biyansa ko dala, ladarsa karatun da yake ɗauka da dare bayan yara sun kwanta.

To, da me malam ke ci? Akwai kuɗin Laraba, wanda yara ke kawowa kafin hutun Alhamis da Juma'a: wani dala biyar, wato sefa 25, wani dala goma, wani hannu sake. In an tara da ƙyar su sayi sabulu da batirin cocila. Akwai abin da ake samu a wurin suna da ɗaurin aure da addu'ar mamaci, da rubutun sha ga wanda ke yi. Amma jarin gaske hatsi ne. Da kaka manomi kan fitar da zakka, dami ɗaya cikin goma, kuma rabon malam na ciki. Da ƙaramar salla ga zakkar kono. Sauran kuwa daga gonarsa, wadda shi da manyan almajirai ke nomawa, gero da wake, wani wurin da gyaɗa ko aya don a sami na kashewa. Buhu mai kilo 100 tiya 40 ne a awon kasuwa. Malam mai yaran kwana ya san tiya nawa ke fita kullum, ya kuma san watan da rumbu zai yi ƙasa tun ranar da aka rufe shi.

Watan nan shi ne tsakiyar damina, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba, tiya ta yi tsada, zazzaɓin sauro kuma ya kwantar da yara. Mutanen jihar Maraɗi ba su manta da yunwar 2005 ba. A irin wannan hali ne ƙwarya ke fita bara. Inda yaro yake garinsu, ko yana da uwar ɗakin da ke ajiye masa tuwo, abin da sauƙi. Inda ake kwasar ƙananan yara a tafi ci-rani Maraɗi ko Katsina ko Kano ba tare da guzuri ba, nan ne sana'ar ke ɓaci, yaro ya yini a tasha, allo na jingine. Ni dai ban ga hujjar uban da zai miƙa ɗansa ɗan shekara shida ya juya baya ko tiya ɗaya bai aika ba. Haka bulalar da ta wuce horo ta zama huce haushi, malaman kirki da kansu suna ƙyamarta.

Akwai kuma sabon salo. Tun da aka buɗe madarasa ta farko ta Faransanci da Larabci a garin Say a 1957, iyaye suka ga ana iya haɗa addini da lakwal a aji ɗaya. Alhazan Maraɗi sun gina irinsu da dukiyarsu, ƙungiyoyin agaji na ƙasashen Larabawa ma sun gina masallatai da rijiyoyi da azuzuwa. Alheri ne babba, musamman ga ƴan mata da marayu. Sai dai mai bayarwa ya fi son abin da ido zai gani. Ana samun mai gina aji, da wuya a sami mai ɗaukar albashin malami wata bayan wata, ko mai sayen alli da littafi bayan an watse daga bikin buɗewa. Wanda bai sami ginin ba kuwa yana nan da zanarsa, duk da kowa ya san hatsarinta. Ranar 8 ga Nuwamba 2021 wuta ta kama azuzuwan zana a wata makarantar firamare a birnin Maraɗi, aƙalla yara 25 suka rasu, wata bakwai bayan irinta a Yamai. Malamin da ke karatun dare da wutar kara kusa da rumfa ba ya barin wurin sai ya ga toka ta mutu.

Ranar sauka ce ake ganin abin da aka shekara da shekaru ana yi. A kai allo wurin mai zayyana, ya ƙawata shi da ja da kore da rawaya, ya rubuta Fatiha da farkon Baƙara. Yaro ya sa sabuwar riga, ya karanta a gaban malamai da dattawan gari, murya na rawa a farko sa'an nan ta daidaita. Mata su kawo waina da gumba. Uba ya ba malam abin da ya sawwaƙa, mai hali rago ko riga, maras hali damin gero ko kaza, wani ma alkawarin sai kaka. Malam ya karɓa ya shafa fatiha. Kashegari da asuba tsohon allon mai sauka yana hannun ƙaninsa, an wanke shi an shanya, gardi na feƙe alƙalami zai rubuta masa bisimilla.