Gwanin da ba a rubuta ba, kwamfuta ba ta san shi ba

Wasan kwamfuta bai san ɗan wasa ba sai ta alƙaluma. Wanda ke son tayar da tsohuwar ƙungiya a cikin Out of the Park Baseball, manhajar da ke kwaikwayon besbol, ƙwallon sandan Amurka, sai ya shigar da sunan kowane ɗan wasa da shekarunsa, da sau nawa ya tsaya bugu, sau nawa ya dace. Da waɗannan na'ura ke auna ƙarfinsa, har ta gwabza shi da wanda ba su yi zamani ɗaya ba. Rumbun bayanan da Sean Lahman ya tattara, wanda ya faro daga kakar 1871, ya sauƙaƙa aikin.

Amma tarihin yana da giɓi, kuma ba tsautsayi ne ya kawo shi ba. Kafin Jackie Robinson ya keta shingen wariya a 1947, baƙar fata nasu gasannin suke yi daban, hukumar manyan gasanni kuwa ba ta lissafa da su. Masu bincike ne suka bi tsofaffin jaridun baƙar fata, wasa bayan wasa, suna tsinto sakamako. A Disambar 2020 hukumar ta amince da gasanninsu bakwai na 1920 zuwa 1948, a Mayun 2024 ta haɗe alƙaluman. Nan take Josh Gibson, wanda ya rasu tun 1947, ya ture Ty Cobb daga kan gaba a yawan dacewar bugu: 372 cikin dubu.

Gibson ya ci sa'ar jarida. Matashin Sabon Birni ko Isa da zai so ya gina irin wannan rumbu don 'yan dambe da 'yan kokawar ƙasar Gobir, kirari zai tarar, ba ƙidaya ba. Ɗan Anace ya raya sunan Shago a waƙa, amma waƙa ba ta faɗin sau nawa gwani ya sha ƙasa. Ba aikinta ba ne. A ƙetaren iyaka, Nijar na gudanar da kokawar takobi tun 1975, ana kuma iya jero zakarunta shekara bi shekara. Na dandalin ƙauye kuwa a kan dattawa kawai suke.

Dattawan nan su ne hare-haren 'yan bindiga suka tarwatsa, wasu zuwa Sakkwato, wasu zuwa jihar Maraɗi. Abin da rumbun ke bukata daga bakinsu kaɗan ne: suna, gari, kakar da aka kara, abokin karawa, da wanda ya kai wani ƙasa. Inda shaidu biyu suka saɓa, a rubuta duka biyun, tare da sunan ƙauyen da kowanne ya baro.